Shin 'yan bindiga za su iya watsa mana guba? Fashin baƙi kan makamai masu guba da fargabar da ke yawo a Zamfara

Tambayar da ake ta yi a majalisu da rukunonin WhatsApp ita ce: shin 'yan bindigar da ke dazukan Zamfara, ko Lakurawan da suka ɓullo ta iyakar Kebbi da Sakkwato, za su iya mallakar makamai masu guba? In kuma sun mallaka, ina talaka zai sa kansa?

Ni ma an yi mini ita. Bayan sallar isha'i ne a Tudun Wadan Gusau, muna zaune a kan benci, wani dattijo maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, don Allah saurara mini wanga. Gaskiya na?" Muryar wani mutum ce, yana haki kamar wanda aka koro, yana rantsuwa cewa mutanen daji sun samo wata hoda daga waje, wadda in aka watsa ta da jirgi marar matuƙi, gari guda zai kwanta ba ya tashi. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin ba, bai faɗi ranar ba. Abin da ya ƙare da shi kawai, a tura wa 'yan uwa don Allah don Annabi.

Ban yi wa Baba dariya ba. Mutumin da aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a idonsa a 2021, aka sake yin irinta a Birnin Yawuri cikin shekarar, ba ka da bakin ce masa ya cika tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai tsoro ma yana buƙatar a nuna masa inda zai fuskanta, kuma a ganina namu ya kalli inda ba nan haɗarin yake ba.

Mene ne ma makami mai guba?

Mutane kan haɗa abubuwa uku su kira su da suna ɗaya. Akwai makamin nukiliya, akwai makamin ƙwayoyin cuta, akwai kuma makami mai guba. Na ukun shi ne maganarmu: sinadari ne da ake amfani da shi da gangan don ya kashe ko ya illata mutum ta hanyar aikinsa a cikin jiki, ba ta hanyar fashewa ko ƙuna ba. Saboda haka nakiyar da ake binnewa a hanya, ko da da sinadari aka haɗa ta, ba ta cikin wannan aji. Ƙarfin fashewa ne ke kisa a can.

Masana sun kasa su gida-gida. Akwai masu shaƙe numfashi, irin su iskar kulorin, wadda ke cin huhu. Akwai masu ƙona fata, irin su mastad, wanda ba ya nuna kansa nan take sai bayan sa'o'i jiki ya tashi da bororo, ido ya rufe. Akwai masu kama jijiyoyi, irin su sarin da VX, waɗanda su ne mafi muni, domin suna hana jiki sarrafa kansa har numfashi ya tsaya. Akwai kuma dangin sayanayid, masu hana jiki cin moriyar iskar da ya shaƙa.

Barkonon tsohuwa fa? Shi yana da matsayi mai ban mamaki. Dokar duniya ta yarda 'yan sanda su harba shi don tarwatsa tarzoma a cikin gida, amma ta haramta amfani da shi a matsayin makamin yaƙi.

Abin da ya fi muhimmanci a ma'anar shi ne niyya. Kulorin ɗin da ake tsabtace ruwan famfo da shi halal ne. Shi ɗin dai, in aka sake shi a kan jama'a don a cutar da su, ya zama makami. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gwamnatoci ne suka fi kowa yin wannan ta'asa

Tarihin abin a taƙaice yake. A ranar 22 ga Afrilu 1915 sojojin Jamus suka saki kulorin a fagen daga kusa da garin Ifres na ƙasar Beljiyam, daga nan ɓangarorin biyu suka shiga ramuwa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, guba ta kashe mutum wajen 90,000. A Maris 1988 gwamnatin Saddam Husaini ta yi wa garin Halabja na Kurdawa ruwan guba, mutum kusan 5,000 suka mutu. A Agusta 2013 aka harba sarin a yankin Guta da ke gefen Dimashƙa, ɗaruruwa suka rasu, yawancinsu a cikin barci aka riske su.

Yarjejeniyar haramta waɗannan makamai an sa mata hannu a birnin Faris a 1993, ta fara aiki a 1997. Hukumar da ke sa ido a kanta, OPCW, tana birnin Heg na ƙasar Holan, kuma ƙasashe 193 ne a ciki, har da Najeriya da ta shiga a 1999. A Yuli 2023 aka kammala lalata duk tarin makaman da ƙasashe suka bayyana suna da su, fiye da tan 72,000, Amurka ce ta ƙarshe.

To amma yarjejeniya gwamnati take ɗaurewa. Ɗan ta'adda bai sa hannu a komai ba. Wannan giɓin ne ya sa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1540 a 2004, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa ta hana irin waɗannan kayayyaki faɗawa hannun ƙungiyoyi.

Waɗanda suka gwada, da yadda suka ƙare

A nan ya kamata mu ɗan zauna, domin amsar tambayar Baba tana cikin labaran nan uku.

Na farko a Japan ne. Wata ƙungiyar asiri mai suna Aum Shinrikyo, ƙarƙashin wani Shoko Asahara, ta tara dukiya mai ɗimbin yawa, ta jawo matasan da suka karanta kimiyya a manyan jami'o'i, ta gina masana'anta guda a gindin dutsen Fuji, ta yi shekaru tana aiki ba mai takura mata. A ranar 20 ga Maris 1995 mutanenta suka shiga jiragen ƙasa biyar na ƙarƙashin birnin Tokyo da safe, lokacin da ma'aikata suka cika su maƙil, suka saki sarin. Mutum 13 aka lissafa sun mutu, dubbai suka cika asibitoci. Rai ɗaya ma babba ne. Amma a kwatanta: a Janairun 2022, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Ko da lissafin gwamnati aka ɗauka, bindiga da babur sun yi ɓarnar da ta ninka ta masu digiri da masana'anta. Sarin ɗin da ƙungiyar ta haɗa bai yi kyau ba, gurɓatacce ne, kuma ba ta da hanyar kirki ta watsa shi. An rataye Asahara da wasu mabiyansa 12 a 2018.

Na biyu a Iraƙi, tsakanin 2006 da 2007. Mayaƙan Alƙa'ida suka riƙa loda tukwanen kulorin a motoci suna tayar da su da bam, musamman a lardin Anbar. Mutane da yawa sun shaƙa sun galabaita, amma yawancin waɗanda suka mutu fashewar ce ta kashe su, ba iskar ba. Ba a jima ba suka watsar da dabarar.

Na uku ISIS ce, kuma ita ce ta fi kowa nisa. Ta kama birnin Mosul a 2014, tana sayar da man fetur, tana karɓar haraji daga miliyoyin mutane, tana da ɗakunan gwaje-gwaje na Jami'ar Mosul a hannunta. Ta haɗa mastad da kanta. Masu bincike na ƙasa da ƙasa sun tabbatar ita ta harba shi a garin Mare'a na Siriya a 2015, an kuma yi irinsa a Taza Kurmatu na Iraƙi a 2016, inda mutane kaɗan suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Ƙungiyar da ta mallaki ƙasa da jami'a, iyakar inda ta kai ke nan.

Dalilin a fili yake. Haɗa irin wannan guba na buƙatar ilimi mai zurfi, da kayan aiki, da wuri mai natsuwa, da sinadaran da ake bin sawunsu a kasuwar duniya. Yakan kashe mai haɗa shi kafin ya kai ga kowa. Ajiye shi a zafi irin na Maris da Afrilu wata fitina ce. Watsa shi kuma sai yadda iska ta ga dama, in ta juya sai ta koma kan mai ita.

Su namu fa?

Har yau hukumar OPCW ba ta fitar da wani rahoto da ya tabbatar da wata ƙungiya ta yi amfani da makami mai guba a Najeriya ba. Waɗanda ke ganin fargabar ta wuce kima suna ƙara da wata hujja mai ƙarfi: ɗan bindigar Zamfara ɗan kasuwa ne na mugunta. Kuɗin fansa yake so, da harajin noma, da shanu, da mutanen da za su yi masa aiki a gona da ramin zinari. Gawa ba ta biyan fansa. Garin da aka shafe ba ya kawo haraji. Abin da yake nema, AK-47 da babur suna ba shi a araha.

Masu ɗaya ra'ayin su ma ba shirme suke ba. Suna cewa a dubi yadda abubuwa ke canzawa. Shekarun baya wa ya san nakiyar hanya a Zamfara? Sai ga shi a ƙarshen 2024 an fara jin tashinta a hanyar Ɗansadau. A arewa maso gabas, ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta fara ɗaura abin fashewa a ƙananan jirage marasa matuƙi irin na kasuwa. Ga Lakurawa, waɗanda hedikwatar tsaro ta bayyana sunansu a Nuwamba 2024, suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan, kotu kuma ta ayyana su 'yan ta'adda a farkon 2025. Su ba kuɗi kaɗai suke nema ba, suna da aƙida, suna kuma da alaƙa da yankin Sahel. Dabara tana tafiya da mutane, kuma iyakarmu da Nijar da Binin ba katanga gare ta ba.

Nawa hukuncin: sarin da VX sun fi ƙarfin duk wanda ke cikin dajin nan, hodar da za ta kwantar da gari guda daga sama kuwa tatsuniya ce. Abin da ke iya faruwa ƙarami ne, ɗanye, na kusa. Kuma ba daga waje za a kawo shi ba.

Gubar da ke kan teburin ɗan kasuwa

Ka shiga kowace babbar kasuwa da farkon damina, Gusau ko Talatar Mafara ko Jega, ka tsaya a layin masu maganin feshi. Na tsaya a gaban wata rumfa ina jiran abokin tafiya, ina kallon wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba yana ɗure maganin ƙwari daga jarka zuwa tsofaffin robobin lemo da mazurari. Ba safar hannu, ba takunkumi. Ya gama, ya goge hannu a wando, ya ɗauki ƙosansa ya ci gaba da ci. Robobin ba suna, ba ranar lalacewa. Wani mai babur da rawani ya rufe fuska ya sayi kwali biyu, ya ɗaure, ya wuce. Wataƙila manomi ne, mafi yawa ma manoma ne. Amma ba wanda ya tambaye shi, kuma ba littafin da aka rubuta.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: magungunan ƙwari da dama 'yan gida ɗaya ne da gubar jijiyoyi ta yaƙi. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Gerhard Schrader, maganin ƙwari yake nema a 1936 ya faɗa kan gubar tabun, shi da abokan aikinsa kuma suka gano sarin a 1938. Na kasuwa bai kama ƙafar na yaƙi a ƙarfi ba, tazarar tana da nisa ƙwarai, amma hanyar da suke kama jiki ɗaya ce. Sniper da ota-fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki saboda sauro suna cikin wannan dangi. Yawan mace-macen da ake samu ne ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper a 2019, ko da yake duk mai shiga kasuwa ya san yadda dokar ke aiki. Irin wannan sinadari ne ma ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

A ƙara da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun hatsi, wadda ke fitar da iska mai kisa in an kwana da ita a ɗaki rufe. A ƙara da gamalin da wasu ɓata-garin masunta ke zubawa a ruwa don kifi ya taso. A ƙara da zaibar da ake kama zinari da ita a wuraren haƙa. Sai kuma tukwanen kulorin na manyan ma'aikatu, waɗanda ko hatsari kawai ya isa: a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a ƙasar Jodan, a 2022, tanki ɗaya ya suɓuce daga ƙugiya ya fashe, mutum 13 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata, ba ɗan ta'adda ko ɗaya a wurin.

A takarda akwai masu tsaron ƙofa. NAFDAC ke ba da izinin shigo da sinadarai, ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro yana tantance wasu daga ciki, akwai kuma ofishin da ke kula da yarjejeniyar haramta makamai masu guba a Abuja. Duk wannan a tashar ruwa da kan iyaka yake aiki. Daga babban dila zuwa robar lemo, ba kowa.

Zamfara ta riga ta san guba

Ba sai mun je Halabja neman misali ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai yi amai, ya sanƙare, ya tafi. Wasu suka ce zazzaɓi ne, wasu sanƙarau, wasu iska. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda aikin sa ido kan sanƙarau ya kai su yankin, su suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, sai da aka kai jinin yaran Turai aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinari ake kawowa gida ana daka su a tsakar gida, ana niƙa su, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Garin Bagega sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, saboda jiran kuɗi daga Abuja.

Ba wanda ya kai hari a wannan. Amma ya nuna mana raunin da kowane mai mugun nufi zai samu a shirye: guba ta yi watanni tana kisa kafin a san sunanta. An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, an ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma kowa ya san ramukan ba su taɓa zama fanko ba a tsakani.

Rijiya da jita-jita

Tsoron da ya fi kama mutumin karkara shi ne a zuba masa wani abu a rijiya. Wannan mai yiwuwa ne a ƙaramar rijiya ko randa ko tafkin da dabbobi ke sha, kuma ko ba a kashe kowa ba, hana gari ruwansa ya isa ya tashe shi. Babban ruwa irin dam ɗin Bakolori ko gulbin Kwara a Yawuri kuwa, yawansa ya fi ƙarfin jarka.

Haɗarin da na fi jin tsoro a nan ba gubar ba ce, zargin ne. Damina ta sauka, amai da gudawa sun ɓarke a ƙauye, mutum biyar sun mutu a kwana biyu. Kwalara ce, wadda muke fama da ita kusan kowace shekara. Amma wani ya ce ya ga baƙo a bakin rijiya da magariba. Kafin ma'aikacin lafiya ya iso, matasa sun ɗauki makamai sun nufi rugar da ke kusa, ko an tare wani bawan Allah a kasuwa. A jihar da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji ta riga ta cinye garuruwa, saƙon murya ɗaya zai iya yin aikin da hodar ba za ta iya ba. Mun ga ƙarfin jita-jita a 2014, lokacin Ebola, da aka tashi ƙasa guda cikin dare ana wanka da ruwan gishiri ana sha, har aka rasa rayuka.

Akwai kuma illar martanin hukuma. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Talaka ya san wanda ya fi shan wuya. In gobe firgici ya sa aka ce an hana maganin feshi gaba ɗaya, mai shinkafa a fadamun Argungu da mai wake a Tsafe ne za su biya, kamar yadda manoman arewa maso gabas suka sha fama da taƙaita takin zamani saboda masu haɗa bam. Abin da ya fi dacewa shi ne rajistar dilolin, da hana ɗure a robar da ba suna, da rubuta mai sayen kaya da yawa. 'Yan kasuwar da kansu sun fi kowa sanin baƙon ciniki.

In abin ya faru, ko da hatsari ne

Alamar da ke bambanta guba da cuta ita ce gaggawa da taro: mutane da yawa a wuri ɗaya su kama tari, hawaye, dalalar yawu, ƙuncin ƙirji ko karkarwa cikin mintuna, kaji da awaki da tsuntsaye su ma suna faɗuwa. Kwalara ba ta kayar da akuya tare da mai ita.

A bar wurin nan take, kada a bi inda iska ke kaɗawa, a ratsa ta gefe ko a fuskanci inda take fitowa. A nemi tudu, domin kulorin da ire-irensa sun fi iska nauyi, kwari da rami suke bi. A toshe hanci da tsumma. A tuɓe tufafin da abin ya taɓa, gara a yanka riga da a zare ta ta kai, a ɗaure su a leda. A wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu, a ɗauraye ido da ruwa zalla. Mai taimako ya kare hannunsa, kada a kwashi mutum ɗaya a koma biyu.

Sai al'adar nan tamu ta ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara, ko a tura masa yatsa ya yi amai. A daina. Mai da madara ba sa karya guba, kuma mutumin da hankalinsa ya fara gushewa zai iya shaƙe su su wuce huhu. Gubar dangin maganin ƙwari tana da magani, allurar atrofin ce, mai araha, kuma tana aiki in an yi ta da wuri. Matsalar ita ce nisa. Daga Ɗansadau zuwa Gusau tafiya ce ta wajen kilomita 100 a hanyar da sau da yawa sai da rakiya, mai irin wannan guba kuwa ba shi da sa'o'in jira. Saboda haka inda ya kamata a ga allurar, da iskar numfashi, da ma'aikacin da ya san alamomin, shi ne asibitin ƙaramar hukuma, ba babban asibitin Gusau ko Birnin Kebbi kaɗai ba. In za a tafi da mara lafiya, a ɗauki kwalbar ko robar abin da ake zargi a cikin leda a kai wa likita, a kuma rufe rijiyar har a ɗebi ruwanta a gwada.